Na Sa Sabbin Tayoyi, Motata Ta Koma Ja Dama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da motar tsere mai ja da ƙafafun baya. Na canja tayoyi huɗu, na gaba 225/40 R18, na baya 255/35 R18. Tun daga ranar, da zarar na sassauta sitiyari sai ta nufi dama, alhali da tsofaffin tayoyin sak take tafiya. Mai sayar da tayar ya ce in je a yi alaimen, wato a daidaita saitin ƙafafun motar. Nan matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da batun alaimen tukuna. Kwance taya da ɗaura wata ba ya taɓa saitin ƙafafu. Tunda jan ya fara ne ranar da aka sa tayoyin, su za a fara tuhuma.

Fara da iska. Auna ta da safe kafin motar ta yi tafiya, ka bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. Wanda aka rubuta a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kawai. Bambancin psi 3 (psi ma'aunin iskar taya ne) tsakanin hagu da dama ya isa ya ja mota, kuma wajen mai ƙarancin iska za ta nufa. Duba kuma ko biyun gaba iri ɗaya ne, lamba ɗaya. In akwai kibiya a gefen taya, ta nuna gaba. In an rubuta Outside, wannan fuskar ta kalli waje.

Gwada tuƙa motar a shimfiɗaɗɗen titi, domin akan ɗaga tsakiyar titi don ruwa ya gangara, faffaɗan tayoyi kuma suna bin gangara da kwarin kwalta fiye da sirara.

In iska daidai take, ga gwajin da zai raba gardama. Musanya ƙafafun gaba da rim ɗinsu, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, ka sake bin titin nan da gudun nan. Idan jan ya juya hagu, ko ya ɓace, laifin taya ne. Dalili kuwa, a cikin taya akwai ɗamarar waya. In ta ɗan kauce daga tsakiya lokacin ƙira, gefe ɗaya zai fi ɗayan tauri, sai tayar ta riƙa mirginawa kamar bokiti a ƙasa, kullum tana karkata wajen tsukakken gefe. Ido ba ya ganin wannan, balansin ma ba ya gyara shi, domin balansin maganin karkarwa ne. Abin takaici, nan ake asarar kuɗi: a yi alaimen sau biyu sau uku, har a karkatar da saiti mai kyau don a rufe aibin taya guda.

In jan ya ɓace kuma tayoyin ba masu kibiya ba ne, bar su haka. Masu kibiya, gajeren gwaji a busasshen titi ba laifi, amma a mayar da su, don zanensu ba ya korar ruwa yadda ya kamata in an juya su. A wasu motocin akan gano mai laifin ta hanyar musanya ta da ta baya, sai dai taka ba za ta yiwu ba, tunda na baya sun fi faɗi. Nemi wurin da ke da injin balansin mai danna taya yana auna yadda take turawa gefe. Da sakamakon ka koma wa mai sayarwa tun tayar ba ta ci ba, ka nemi musanya.

Kada ka manta da baya. Lura ko tana ja dama in ka taka totur, ta koma hagu in ka ɗaga ƙafa. Wannan alama ce cewa tayoyin baya sun bambanta a kewaye ko a iska, ko kuma bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan da ke riƙe ƙafa, ya mutu. Musanya su su ma ka gani.

Sai in jan bai sauya ba ne za a hau injin alaimen, kuma ka karɓi takardar awo. Kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, in bambancinta tsakanin hagu da dama ya wuce rabin digiri, mota za ta bi gefen da samansa ya fi fita waje. A kasta kuwa, wato karkatar layin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa gaba ko baya, gefen da ya fi ƙaranci motar take bi. A auna ƙafafu huɗu, don in na baya sun karkace sitiyari ma karkacewa zai yi. In sitiyarin na lantarki ne, a sake saita na'urar da ke karanta kusurwarsa bayan aikin.

Birki ma yakan riƙe. Bayan tafiyar minti 10 ba yawan taka shi, kusantar da hannu ga kowane rim ba tare da taɓa faifan birkin ba. Wanda ya fi zafi nesa ba kusa ba, can birkin ke riƙewa, kuma wannan gyara ne da ba a jinkirta shi.