Jakar da za ta ɗauki laftof da kyamara a Bauchi

Malam, ka ce kullum kana yawo da laftof, kyamara da fawa bank a keke napep, ƙura kuma ta dame ka. Ni ma mai son ɗaukar hoto ne, har Yankari nakan je.

Nemi jakar goyo mai aljihun soso, amma ka auna laftof ɗin tukuna, inci 14 ne ko 15.6. Kyamara a ware mata wurinta, kada caja ta karce gilashin gaban kyamarar, wato lens. Da hunturu kar ka sauya gilashin a fili, ƙura har ciki take shiga.

Zafi ne ya fi ba ni tsoro. Na taɓa barin jakata a mota cikin Afrilu, batirin da ke cikinta ya kumbura. In naka ya yi haka, kar ka huda shi, kar ka ƙara yi masa caji, kai wa mai gyara.