Waya za ta iya auna min fili kafin in biya kuɗi?

Tambaya: Salam malam, ni ɗan kasuwa ne a Agege, an nuna min fuloti a wajen Ikorodu, wani yaro ya ce da wayata ma zan iya auna shi ba sai na biya ɗan safiyo ba. Da gaske ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Yaron ya faɗi rabi ya bar rabi. Ka je filin da ƙafarka, ka tsaya a kan kowane bikon, wato ɗan simintin nan da ake kafawa a kusurwa mai lamba a kai, ka buɗe Google Maps ka danna wurin ka riƙe, zai ba ka lambobi biyu, ka ajiye su ka ɗauki hoton bikon ɗin. In ka dawo gida sai ka zuba lambobin a Google Earth na kwamfuta, ka auna faɗi da tsawo, sannan ka duba tsofaffin hotunan wurin na shekarun baya, wallahi wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ko fadama ce aka cike da yashi, kuma a Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne, filin da ka gani a bushe a watan Janairu yana iya zama tafki a watan Yuli.

Amma fa nan wayar ta tsaya. GPS ɗin waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5 ko a sarari, kusa da dogayen gine-gine ya fi haka, fulotin Legas kuwa ƙafa 60 ne da 120, kusan murabba'in mita 670, to ka ga kuskuren mita 5 ai ka shiga ɗakin maƙwabci. Sannan abin da mutane da yawa ba su sani ba, waya da tsarin lissafin wuri na duniya mai suna WGS84 take lissafi, takardun safiyo na Najeriya kuwa yawanci da wani tsarin daban mai suna Minna Datum ake yin su, in ka kwafi lambar takarda ka zuba a waya ba a juya ta ba, sai ta kai ka wani wuri can gefe ka ɗauka an cuce ka.

Don Allah Alhaji kar ka biya 'yan omo onile, wato 'yan asalin wurin masu sayar da filaye, ko sisi sai ka samu safiyo mai rajista da SURCON, wato hukumar rajistar masu safiyo ta Najeriya, ya ɗauki lambobin da na'urarsa, a kai ofishin babban safiyo na jiha a Alausa a duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riƙe. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, ba manhajar da za ta canza wannan. Kuɗin safiyo yana da ciwo, na sani, amma ina ciwonsa ina na ganin katafila a ƙofar gidanka?

Tambaya: Muna da ƙungiyar 'yan garinmu a Mile 12, muna so mu san bohol nawa ne a garin da waɗanda suka lalace, don mu san inda za mu sa kuɗi. Yaya za mu yi?

Amsa: Wannan kam aikin waya ne sosai, kuma na ji daɗin tambayar, nan kuskuren mita 5 ba ya cutar da kowa. Ku buɗe KoboToolbox, shafin intanet ne na tattara bayanai, akwai na kyauta, ku haɗa ɗan fom, sunan unguwa, hoto, wurin GPS, yana aiki ko ya mutu. Samari biyu a gida su sa KoboCollect, manhajar cike wannan fom ɗin, a wayarsu su zaga a mashin, ko babu sabis yana ajiyewa, in sun samu data sai su turo, ku kuna nan Legas kuna ganin ɗigo-ɗigo a taswira. Tunda za su fita, su haɗa da taransifoma, rijiyoyi, makarantu, kududdufai da burtalin shanu. Kawai ku fara kai gaisuwa wajen mai gari kafin kowa ya ɗaga waya, kuma kar a sa iyakar gonar kowa a ciki, wannan sai da masu gonar da dattawa a tsaye.