Amsa ga ƙanwarmu da ke tunanin barin horon tiyatar baki da muƙamuƙi

Ƙanwata Dakta, na karanta tambayarki jiya da daddare, inda kika ce kin faɗi kashi na ɗaya na jarrabawar zama ƙwararriyar likita har sau biyu, babban likitan da kike ƙarƙashinsa kuma ya hana ki riƙe wuƙa, shi ne kike tambaya ko ki haƙura ki buɗe asibitin haƙori naki. Wallahi sai na ji kamar labarina kike bayarwa.

A shekarata ta biyu ta horo, a wani asibiti da ba zan ambata ba, an kawo wani ɗan acaɓa da ƙarfe biyun dare, muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye gida biyu. Na ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya, na kwana a gefen gadonsa da almakashin yanke waya a aljihuna, don kada amai ya taso ya shaƙe shi. Da safe malaminmu ya zo zagaye, ya ɗaga leɓen yaron, ya ga turamen haƙoran gefe ɗaya ba su haɗu daidai ba, sai ya ce a gaban ma'aikatan jinya da ɗalibai da mahaifiyar yaron wai hannuna na ɗinkin buhu ne, ba na fuskar ɗan Adam ba. Bai nuna mini gyaran ba, ya wuce abinsa. Wata takwas yana ƙin sa hannu a littafin ayyukana, wanda nake rubuta tiyatocin da na shiga a ciki, kullum sai ya ce in dawo gobe. Har yau ina ganin fuskar baiwar Allahn nan, yadda ta sunkuyar da kai saboda kunyar da aka ba ni.

Kada ki ajiye horon a kan mutum ɗaya. Ki gwada jarrabawar kwalejoji biyun da ke ba likitoci shaidar ƙwarewa, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas da ta Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, tunda kowacce tana zama sau biyu a shekara. Ni abin da ya kayar da ni shi ne tambayoyin baka, domin na san hanyar jijiyar fuska a takarda amma bakina yana rawa a gaban masu jarrabawa. Ki nemi wani da ya ci kwanan nan ya riƙa titsiye ki kowane mako, kuma kowace tiyatar da kika taimaka a ciki ki rubuta ta a ranar.

Kuma ki tuna da mutanenmu. A nan Jos ana kawo mana masu ciwon ƙari a muƙamuƙi bayan ya shekara uku yana girma, an sha tsaga da turare har ƙashin ya cinye. Ga yaran da cutar da ake kira noma, mai zaizaye baki da fuska, ta cinye wa kunci, waɗanda aka kafa wa asibiti a Sakkwato tun 1999, cutar da sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Yawancin iyayen yaran nan Hausa kawai suke ji, kuma uwa takan fi sakin jiki idan mace ce ta yi mata bayani.

Yanzu da nake koyarwa, duk ƙaramin likitan da ya ɗaure waya ba daidai ba, tare muke kwance ta mu sake ɗaurawa, gyaran kuma a ofis nake yi masa. Idan kin samu hutu ki zo Jos ranar da muke tiyata, ki taho da littafin ayyukanki mu duba shi tare.