Tambaya da Amsa: Yadda Kiran Gobara Ke Isa ga 'Yan Kwana-Kwana a Amurka

TAMBAYA: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa, "Idan gobara ta tashi a Amurka aka kira 911, ta yaya labarin ke kai wa ga 'yan kwana-kwana? Kuma me ya sa har yanzu suke riƙe da oba-oba alhali kowa na da wayar salula?"

AMSA: Malam, a mafi yawan wurare kiran ba ya zuwa tashar kashe gobara kai tsaye. Yana sauka ne a wata cibiya ta gunduma ko ta yanki, inda ma'aikaci zai fara tambayar adireshi, ya shigar da shi a kwamfuta, ita kuma ta nuna motocin da suka fi kusa daga cikin waɗanda ba su fita aiki ba. Daga nan sai a aika wata ƙara ta musamman da ke buɗe lasifikar tashar da aka zaɓa, a karanto musu wurin da irin gobarar.

Batun oba-oba shi ne ya fi muhimmanci. Idan shugaban tawaga ya danna maɓalli ɗaya, duk mutanensa za su ji shi lokaci guda, kuma maganar ba ta bin layukan kamfanonin waya, waɗanda ke cushewa daidai lokacin da bala'i ya auku. Na'urorin da aka girka a kan hasumiyoyi da tsaunuka ne ke karɓar muryar su ƙara mata ƙarfi, sannan a manyan tsare-tsare kwamfuta ce ke ara wa kowace tawaga layin rediyon da babu kowa a kai, ta karɓe shi da zarar an gama magana. Ta haka hukumomi masu yawa ke cin moriyar layuka kaɗan.

Haɗa hukumomin yanki a tsari guda ba ado ba ne. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da aka kai hari kan tagwayen hasumiyoyin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, gargaɗin da jirage masu saukar ungulu na 'yan sandan New York suka yi game da halin da hasumiyar arewa ke ciki bai isa ga 'yan kwana-kwana ba, domin kowane ɓangare da nasa rediyon, kuma 'yan kwana-kwana 343 suka rasu a ranar. Wannan na cikin dalilan da suka sa majalisar dokokin ƙasar ta kafa FirstNet a 2012, wato hanyar sadarwa ta musamman ga masu aikin ceto.

A Najeriya, lambar 112 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta tanada ce ke karɓar irin wannan kira, ta miƙa shi ga hukumar da abin ya shafa.