Amsa: Zaƙi da tiramol ɗaya ne?

Hajiya, kin tambaya ko kwaɗayin alewa da biskit da jikokinki ke yi daidai yake da shaye-shaye. Ban yarda ba. Duka biyun suna taɓa wurin jin daɗi a ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaro ke kukan ƙari. Amma na ga samarin unguwar Aboabo da suka bar shan ƙwayar tiramol: zufa, rawar jiki, ba barci. Mai barin zaƙi bai kai nan ba.

Ciwon suga da ruɓewar haƙori ne tsorona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce cokalin shayi 12 na sikari a rana, gwangwanin Coca-Cola ɗaya kuwa ya haura 8. A gidana daga koko muka fara ragewa, pinkaso kuma ba barbaɗe.