Ta yaya zan gane ko masu kula da filazata suna aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da filaza mai hawa uku a Kano, duk wata ina biyan wani kamfani kuɗin kula da janareto da famfo da esi, amma 'yan haya kullum cikin ƙorafi suke, kamfanin kuma su ce komai lafiya lau. Wa zan gaskata? Daga wani mai filaza, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Littafi za ka buɗe a ajiye wajen maigadi, duk abin da ya lalace a rubuta lokacin da aka sanar da su da lokacin da suka gama gyara. Ƙarshen wata ka duba awa nawa suke ɗauka kafin gyara, sannan kwana nawa abin yake yi kafin ya sake lalacewa. Na biyun nan ya fi muhimmanci wallahi, don in famfon burtsatse ɗaya ake taɓawa duk sati to faci ake maka, ko da kuwa suna zuwa da wuri.

Janareto kuwa akwai mitar awa a jikinsa, yawancin na dizal bayan awa 250 ake musu juye a canza filta, ka duba takardar naka. Ka haɗa lambar mitar da rasitin sabis, ka kuma raba litar man da ya sha da awannin da ya yi, in abin yana hawa alhali ba a ƙara masa lodi ba to ko injin ne ko wani na zuƙe man. Tukunyar kashe gobara ma akwai kwanan watan sabis a jikinta, ka leƙa da kanka Alhaji.