Filin Tambayi Lauya: Dokar da ke hannunka, ta Legas ce kuwa?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan matsalarsu ɗaya ce. Mutum ya riƙe doka yana kafa hujja da ita, ashe ta wata jihar ce, ko an daɗe da sake ta, ko kuma ba doka ba ce ma tukuna, labari ne ya gani a WhatsApp. Amsoshin nan jagora ne. Duk wanda ke da shari'a a gabansa ya kai wa lauya takardunsa ya gani da idonsa.

Tambaya: Na karanta aikin lauya a Zariya, yanzu na sami gurbi a wani ofishin lauyoyi a Ikeja. Littattafan da na zo da su duk na Arewa ne. Daga ina zan fara? Wani sabon lauya, Ikeja.

Amsa: Barka da zuwa, abokin aiki. Da farko ka ajiye Final Kod ɗinka, kundin laifuffukan Arewa, a gefe, ba ta aiki a nan. Legas tana da nata kundin laifuffuka na 2011, tana kuma da dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka da ta fara yi a 2007, ta sake a 2011, ta yi wa gyara a 2021. Ta tarayya ta 2015 a bayanta ta zo, kuma ba ita ake ɗauka ba idan laifin na jiha ne a kotun jiha. Lambobin sassan dokokin biyu ba ɗaya ba ne, a nan sababbin zuwa ke fara jin kunya a gaban majistare.

Sai kundin dokokin jihar bugun 2015, wanda Hukumar Gyaran Dokoki ta Legas ta haɗa. Shi ne mafari, amma duk abin da majalisar dokokin jihar da ke Alausa ta yi bayan haɗa shi ba ya ciki. Dokar kare kadarori ta 2016 da aka yi domin masu ƙwacen filaye, da dokar sufuri ta 2018 wadda maganar acaba ke cikinta, duk sai ka neme su daban. Haka kundin dokokin tarayya na 2004: dokar shaida da ke cikinsa an maye gurbinta a 2011, an sake gyara ta a 2023, dokar kamfanoni kuma an sake ta a 2020. Tsarin aikin shi ne ka samo dokar a kundi, ka bi diddigin ko an yi mata gyara bayan shekarar bugun, sannan ka nemi kwafin da aka buga a gazet ɗin gwamnati, ka duba ranar da ta fara aiki. Kwafin intanet yana da amfani wajen saurin karatu, amma sau da yawa ba ya ɗauke da jadawalin fom-fom na ƙarshen dokar, wani lokaci ma daftarin ƙudiri ne aka ɗora a matsayin doka.

Abin da zai fi cin ka kuɗi shi ne ƙa'idojin Babbar Kotun Legas na shari'ar da ba ta laifi ba. Na 2019 ne ke aiki, sun maye gurbin na 2012. Kafin ka shigar da ƙara sai ka nuna cewa an nemi sulhu, ka cike fom na 01 ka haɗa da shaidar wasiƙun da aka yi. Takardar ƙara tana tafiya ne tare da jerin shaidu, da bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin duk takardar da za ka dogara da ita. Wanda ake ƙara yana da kwana 42 ya shigar da kariyarsa, kuma tarar makara naira 1,000 ce a kowace rana. A tsofaffin ƙa'idojin naira 200 ce. Ka lissafa makarar wata huɗu ka ga abin da za ka gaya wa wanda ya ɗauke ka lauya.

Wurin karatu akwai. Ɗakin karatu na Taslim Elias da ke Cibiyar Zurfafa Nazarin Shari'a a harabar Jami'ar Legas, Akoka, yana da tsofaffin rahotannin shari'a da ba ka samu a kwamfuta. Idan kuma tsohon fayil ne na sashen Legas na Babbar Kotun kake nema, ka tuna an ƙona ginin kotun Igbosere a Oktoban 2020, fayiloli da yawa sun salwanta. Ka fara tambayar lauyoyin da suka yi shari'ar ko suna da kwafinsu.

Tambaya: Shekara shida ina hayar shago, kuɗin shekara nake biya. Mai gidan ya ba ni notis na wata ɗaya, ya ce zai sa kwaɗo. Wasu sun ce an yi sabuwar dokar haya. Ina matsayina? Wani Alhaji mai sayar da albasa, Mile 12.

Amsa: Alhaji, majalisar jihar ta ɗauko ƙudirin sabuwar dokar haya a 2025. Ƙudiri ba ya ɗaure kowa sai ya kammala zagayen majalisa an kuma sa masa hannu, don haka duk wanda ya ce maka sabuwar doka, ka ce ya nuna maka ranar sa hannu da ranar fara aiki. Ga abin da Dokar Haya ta 2011 ta tanada.

Ta shafi gidajen zama da shaguna, amma ta cire Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja. Mile 12 yana ciki. Sashe na 13 ya ce idan yarjejeniyarku ba ta faɗi tsawon notis ba, mai biyan wata-wata notis ɗinsa wata ɗaya ne, mai biyan wata uku ko wata shida notis ɗinsa wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara notis na kwana bakwai cewa mai gida zai je kotu. Kotu ce ke fitar da mutum. Sa kwaɗo, cire rufi ko turo ƙarti laifi ne a sashe na 44, tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida.

Amma je ka buɗe jakar takardunka tukuna. Idan ka sa hannu a yarjejeniyar da ta ce notis wata ɗaya ne, ita kotu za ta bi. Idan kuma yarjejeniyar ta tsayayyen wa'adi ce kuma ya ƙare, notis na kwana bakwai kaɗai ya rage maka. Mutanenmu da yawa suna sa hannu a takardar ejan ba tare da an karanta musu ba, suna biyan kuɗi ba rasit, alhali dokar ta tilasta wa mai gida ya bayar da rasit. Wanda ba shi da rasit zai sha wuya wajen nuna cewa shi ɗan hayar shekara ne.

Wani abu da lauyan mai gidan zai iya ɗauko maka: a 2021, a shari'ar kamfanin Pillars, ɗaya daga cikin alƙalan Kotun Ƙoli ta ce shigar da ƙarar kanta ya isa sanarwa, ƙaramin kuskure a notis bai kamata ya rushe shari'a ba. Har yau lauyoyi na jayayya kan ko wannan shi ne ginshiƙin hukuncin ko ƙarin bayani ne. A ganinmu bai kamata ɗan haya ya ɗora dukkan begensa a kan kuskuren notis ba. Ka ci gaba da biyan haya ta banki, ka kuma gwada Cibiyar Sasanta Jama'a ta ma'aikatar shari'a, wadda ke aiki tun 1999 kuma kyauta take sauraron irin wannan rigimar.

Tambaya: Na ba wata mata atamfofi na naira miliyan 1.8 bashi, shekara biyu ke nan. Shaidata saƙonnin waya ne kawai. Ba ni da kuɗin doguwar shari'a. Wata Hajiya, Agege.

Amsa: Hajiya, maganarki ta kotun ƙananan basussuka ce, wadda aka buɗe a cikin kotunan majistare a 2018. Tana karɓar bashin da aka san adadinsa har naira miliyan 5, kuma ba dole sai da lauya ba. Ki je wurin rajistara ki karɓi fom na SCA 1, shi ne wasiƙar neman biya, a kai mata. Idan kwana 14 ya wuce ba ta biya ba, ki cike SCA 2 na ƙara, kotu ta fitar da sammaci. An tsara a gama komai cikin kwana 60. Abin da ya fi ɓata wannan lissafin shi ne adireshi: idan mai kai sammaci bai same ta ba, shari'a ta tsaya. Ki tanadi adireshin gida da na shago, da lambar layi da wata alama ta kusa.

Saƙonnin waya shaida ne, amma sashe na 84 na dokar shaida yana son a haɗa su da takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro su, da cewa tana aiki daidai. Kada ki goge komai, kada ki sayar da wayar. Ki buga hirar gaba ɗayanta da kwanan wata a jiki, ban da tsinto wuraren da suka yi miki daɗi kawai. Ki kuma kula da lokaci: bashin ciniki irin wannan shekara shida ke gare shi a dokar Legas, bayan nan kotu ba ta sauraro, komai gaskiyarki. Kawaici yana da kyau, amma wa'adin nan ba ya jiran sa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Yaya zan karanta lambobin da ke bayan sunan shari'a, kuma yaya zan san hukuncin bai mutu ba? Wata ɗaliba, Akoka.

Amsa: Ɗauki wannan: Okafor da Nweke (2007) 10 NWLR (Pt. 1043) 521. Shekarar bugu 2007, juzu'i na 10 na shekarar, NWLR shi ne rahoton mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, kashi na 1043, shafi na 521. A kan kantar ɗakin karatu, lambar kashi za ki bi, ita ce a rubuce a ƙeyar littafin. A wannan shari'ar ce Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauya ba, ba ta da inganci. Idan kin ga LPELR, rahoton intanet ne na kamfanin LawPavilion, biya ake yi. Haruffan ƙarshe, SC ko CA, su ke nuna ko Kotun Ƙoli ce ko ta ɗaukaka ƙara. Shafin intanet na NigeriaLII kyauta ne, sai dai ba komai ke ciki ba.

Batun ko hukunci yana raye, shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin Legas ta ishe ki darasi. A Oktoban 2014 Babbar Kotun Legas ta goyi bayan hanin. A Yulin 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukuncin. Ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin sa hijabi, alƙalai biyar cikin bakwai. Duk hukunce-hukuncen uku suna nan a intanet, wanda ya tsaya a na farko zai rubuta akasin doka da zuciya ɗaya. Haka wanda ya ciro magana daga bakin alƙalai biyun da suka saɓa. Saboda haka ki bi shari'a har kotun ƙarshe da ta kai, ki karanta hukuncin alƙalin da ya jagoranta da kanki, kada ki tsaya a taƙaitawar da editoci ke sawa a farko, ba maganar kotu ba ce. Sannan ki nemi shari'o'in baya-bayan nan da suka ambace ta, ki ga bin ta suka yi ko kauce mata.

Manhajojin AI ɗin nan masu rubuta amsa kuwa suna ƙirƙiro sunan shari'a da lambobinta tsaf, kamar gaske. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a kan haka. Shari'ar da ba ki buɗe shafinta ba, kada ta shiga takardarki.

Tambaya: 'Yan sanda sun zo neman ƙanena ba su same shi ba, suka tafi da ni, sai da aka yi belina. Haka doka ta ce? Wani matashi, Idi-Araba.

Amsa: A'a. Sashe na 4 na dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta Legas ya hana kama wani a madadin wani. Gyaran 2021 ya kuma hana baje wanda ake zargi a gaban 'yan jarida. Mace tana iya tsaya wa mutum beli, duk da ana yawan cewa ba ta iya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi Ofishin Lauyan Jama'a na jihar, wanda aka kafa a 2000. Ka rubuta sunan caji ofis ɗin, da ranar da sa'ar da aka kama ka da wadda aka sake ka, da sunan wanda ya tsaya maka, ka tafi da su.